Murky ɗin nan, datti ne ko duhu?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu Turanci a taimaka min da kalmar nan murky. Wani labari nake fassarawa da za a karanta a rediyo, an rubuta "a murky oil deal" ni kuma na sa "ƙazamar harkar mai", editanmu ya soke ya ce in sake, ko dalili bai gaya min ba ya yi ficewarsa. Na duba ƙamus ɗin waya ya jero min dark da dirty da not clear, toh yanzu wanne zan kama? datti ne ko duhu? ni dai a sanina abu in ya yi datti ya yi datti

Sarkin Tsokana:
hala editan naku yana da kaso a man ne hhhh

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Datti ne mana ƙanena. Ruwan kwata, ruwan kududdufi, ruwan wanke-wanke, duk murky water ake ce musu, kuma wa zai ce waɗannan ba ƙazanta ba ne. Ni ban ga laifin fassararka ba gsky

Baba Ticha:
Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki. Duk misalan da kika kawo daidai ne, amma ki lura abin da ya haɗa su ba ƙazantar ba ce, abin da ya haɗa su shi ne in kika leƙa ba za ki hango ƙasansu ba. Gwada a wani wurin ki gani. Yaro ya dawo daga ƙwallo rigarsa duk ƙasa, ba Baturen da zai ce his shirt is murky, dirty zai ce ko filthy in abin ya yi yawa. Hannun bakanike ba murky ba ne, greasy ne ko grimy. In kuma kika ji an ce a murky room to ba ana nufin ba a share ɗakin ba, ana nufin haske bai ishe shi ba, kana shiga sai ka yi ta ƙifta ido.

Asalin kalmar ma duhu ne. Tushenta murk, a tsohon Turanci mirce, kuma tana da 'yar uwa a harshen mutanen arewacin Turai ɗin nan da suka riƙa kai wa Ingila hari har suka zauna a wani yankinta sama da shekara 1000 da suka wuce, su myrkr suke cewa. Har gobe mutanen Suwidin abu mai duhu mörk suke ce masa. Dattin daga baya ya shigo, saboda yawanci shi ne yake hana a ga cikin ruwa. Wato kalmar ido ce, tana ba ka labarin abin da idonka ya kasa ratsawa

Maman Ilham:
Baba na ji, amma ban gama yarda ba. In dai rashin ganin ƙasa ne kawai to koko ma murky ne kenan? kunun gyaɗa fa? fura da nono fa? ai duk ba a ganin ƙasan kwanon. Ni dai ban taɓa jin an kira abin da ake marmari murky ba, duk inda na ji ta akwai ƙyama a ciki

Baba Ticha:
Madalla, wannan ita ce tambaya. Koko ba murky ba ne domin dama can ba a sa ran a ga cikinsa. Ana kawo murky ne a kan abin da ya kamata a ce garau yake amma ba haka aka same shi ba, ruwa, iska, sararin sama, gilashi, magana. Kuma ƙyamar da kika ji tana nan, shi ya sa kamfanin lemo ba zai taɓa rubuta murky a kwalbarsa ba, cloudy zai rubuta. Likita ma cloudy urine yake rubutawa in fitsari ya fito ba garau ba. To ƙyama akwai, amma ƙyama ce ta "ban san me ke ciki ba", ba ta "ga kashi ina gani" ba.

Sarkin Tsokana:
Baba ni duk tunanina moki ɗaya ce, wadda muke ji a bakin 'yan jarida

Baba Ticha:
Yawwa ka taɓo wani wurin. Biyu ne, murky da mucky, mu nan duk moki muke furta su shi ya sa suke cakuɗe mana. Mucky ita ce ta datti tsantsa, daga muck, wato taki da caɓi da kashin dabbobi. Takalmin da ka shiga garke da shi da damina mucky ne. To wannan kam in ka ce ƙazami ba ka yi ƙarya ba. Ina kyautata zaton da yawan masu rantsuwa cewa murky datti ce, mucky ce a kunnensu.

Tunda an zo nan ma bari in ƙara, datti ɗin da muke ta faɗa aro ne, dirty ce muka lanƙwasa. Namu na gado su ne dauɗa da ƙazanta, sai annakiya in ta kafe ta yi kauri

Sarkin Tsokana:
ashe dattijo ma dirty joe ne kenan, Baba Allah ya ba ka haƙuri 😂

Baba Ticha:
Ɗan nema. Dattijo daga Fillanci muka samo shi, ndottiijo, ba ruwansa da dirty. Zan gamu da ubanka

Anti Lauya:
Ɗan Fagge editanka ya taimake ka ne ko da bai yi maka bayani ba. Bar batun asalin kalma, dubi abin da jimlar take yi. Ɗan jaridan da ya rubuta murky deal bai ce an yi sata ba, bai ce an ci hanci ba, cewa ya yi ba a gane yadda aka ƙulla abin ba kuma akwai dalilin zargi. Da gangan suke zaɓen irin kalmar nan saboda tana nuni ba ta yanke hukunci. Da yana da hujja a hannu corrupt zai rubuta ko fraudulent. Kai kuma da ka ce ƙazamar harka ka riga ka yanke hukuncin da mai labarin ya kauce wa, kuma a iska, da sunan kamfanin mutane a ciki. In lauyansu ya rubuto takardar ɓata suna ba wanda ya rubuta Turancin za a nema ba, gidanku za a nema don ku kuka faɗa da bakinku

Ɗan Fagge:
Kai Anti Allah ya saka. To me zan sa? rufa-rufa?

Anti Lauya:
Ya danganta da sauran labarin. In an nuna an ɓoye takardu ko an ƙi bayyana masu kamfanin to "harkar mai da ke cike da rufa-rufa" ta zauna. In kuwa ba a nuna wani ya ɓoye komai da gangan ba, rufa-rufa ma ta ɗan yi nauyi, gara ka ce "harkar man da ake ɗiga wa ayar tambaya" ko "wadda har yanzu ba a gane kanta ba"

Maman Ilham:
ni lauje cikin naɗi ta fi min daɗi a kunne

Anti Lauya:
Tana da daɗi Hajiya amma ita ma ta ce akwai laujen. A hira ko sharhi ba komai, a labaran ƙarfe bakwai a yi hattara. Kuma akwai inda murky ba ta ɗauke da zargin kowa sam, misali hatsari ya faru ko an kai hari da daddare sai a rubuta the details remain murky, wannan kawai "har yanzu ba a san takamaiman abin da ya faru ba". Mu ma a aikinmu ana cewa the law is murky on this, ma'ana doka ba ta fito fili a kan batun ba, alƙalai sun sassaɓa. Ka ga in ka ce ƙazamar doka ai ka ɓata. Sai a kan mutum, a man with a murky past, nan kam zargin ya fi ƙarfi, mutum ne da in aka tono bayansa ba lallai a ji daɗi ba

Ɗan Fagge:
na sa ayar tambayar, ya wuce. Amma ku ci gaba don Allah ina ƙaruwa

Gardi:
Salamu alaikum. Ni ba Turanci gare ni ba sosai amma bambancin da Baba Ticha ya kawo mu a zaure tuntuni aka karantar da mu shi. A babin tsarki na Risala ta Ibn Abi Zaid, ruwan da launinsa ya canja saboda wani abu da ya faɗa ciki ba a alwala da shi, amma an togace wanda ƙasar da yake kwance a kanta ce ta canja shi, kamar laka ko ƙasa mai gishiri. Wato ruwan gulbi da damina ya yi jawur ba ka ganin tafin hannunka a ciki amma mai tsarki ne mai tsarkakewa, ka yi alwalarka ka yi salla. To kun ga dagulewa daban najasa daban. Larabawa ma sun raba, gurɓataccen ruwa irin wannan akir suke cewa ko kadir, najasa kuma najis

Baba Ticha:
Allah ya gafarta Malam, dagulewa ɗin nan da ka faɗa ita ce mafi kusa a wurina in ana maganar ruwa. Ruwa ya dagule, a bar shi ya kwanta. Gurɓata ma da can haka take, amma yanzu 'yan jarida sun ja ta sun kai ta wurin pollution, gurɓatar muhalli, gurɓatar iska, har ta fara ɗaukar ma'anar guba

Injiniyan Ruwa:
Kun shigo gonata. A gidan ruwa nake aiki kuma mu ba ma rubuta murky a rahoto, turbid muke rubutawa, abin da ake aunawa kuma turbidity. Ma'ana ɗaya ce sai dai wannan ta ɗakin gwaji ce, waccan ta bakin titi. Yadda ake aunawa, a zuba ruwan a 'yar kwalba a sa cikin na'ura, ta haska shi da fitila ta gefe guda, wani ido kuma yana daga kusurwa yana auna hasken da ƙananan ɓurɓushin cikin ruwan suka watsar, sai ta ba ka lamba da ake kira NTU. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya kada ya wuce 5, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fi son a ce ƙasa da 1 yake kafin a sa masa kulorin. Ido yakan fara lura ne daga wajen 4. Ruwan kogi da damina kuwa ɗaruruwa yake kaiwa, wani lokacin har dubu ya wuce.

Abin da ya sa muke damuwa ba wai lakar ce guba ba, a'a, ƙwayoyin cuta ne suke laɓewa a jikin ɓurɓushin sai kulorin ya kasa kai musu. Shi ya sa ake fara zuba alam, ya sa ɓurɓushin su dunƙule su yi nauyi su kwanta, a tace ta cikin yashi, sannan a sa kulorin. Amma ku riƙe wannan don Allah, na'urar nan ba ta auna cuta. Ruwa zai iya ba ka 0.5 garau kamar hawaye kuma yana ɗauke da kwalara

Maman Ilham:
Innalillahi, Injiniya kar ka sa in daina shan ruwan rijiyarmu, wlh garau yake har ƙasan guga kake gani

Injiniyan Ruwa:
Hajiya ki duba nisanta da masai kawai. A Landan a 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta kashe sama da mutum 600, wani likita John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamatan ya gano kusan duk daga famfon titin Broad Street suke ɗiba, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Kuma ruwan famfon nan mutane yabonsa suke, har akwai wata mata da ta ƙaura nesa amma take sa a kawo mata shi a kwalba don daɗinsa, ita ma ta mutu. Daga baya aka gano ramin masai ne dab da rijiyar yake tsiyaya ciki

Sarkin Tsokana:
wato mai datti bai yi murky ba, mai murky kuma Gardi ya ce a yi alwala da shi, yau mun shiga uku

Baba Ticha:
Injiniya tunda ka kawo turbid, daga Latin take, turba wato cincirindo da hayaniya, gida ɗaya da disturb da turbulent da trouble. Kun ga ita tushenta motsi ne, an dama ruwa. Murky tushenta duhu. Hanya biyu suka biyo suka haɗu a kududdufi ɗaya. Ɗalibai kuma ku kiyaye, akwai turgid, harafi ɗaya ya raba su, ita kumburi take nufi ko rubutu mai cika baki ba ma'ana, masu jarrabawa suna son wannan tarkon

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan da munka yi lakkol da Faransanci trouble ɗin nan ita muke da, eau trouble shi ne ruwan da ya dagule, in harka ce wadda ba a yarda da ita ba sai a ce une affaire louche. Akwai kuma pêcher en eau trouble, kamun kihi cikin ruwan da ya dagule, wato mutun ya ci riba cikin rikicin wasu. In kuna son ganin murky da idonku ku zo Yamai watan Agusta ko Satumba ku tsaya bisa gadar Kennedy, kogin Isa, wato kogin Neja, ja wur yake, ruwan ƙananan kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ne ke kwaso jar ƙasa su zubo, har sunan shi crue rouge, wato jar cikar kogi. Sai wajen Disamba da Janairu ruwan Gini ya iso, shi kuma launinshi ya fi duhu ana ce mishi crue noire, wato baƙar cikar kogi

Gardi:
Larabawa ma suna da wannan karin maganar ta kamun kifi a ruwa akir, kalma da kalma

Baba Ticha:
Turawan Ingila kuma fish in troubled waters suke cewa, ba murky ba. Ko da yake za ka ji masu cewa murky ɗin

Bakabe:
Ku dai kuna ta karin magana mu aikinmu ne. Ku taho Argungu lokacin gasar su, tun 1934 ake yin ta, in anka buga bindiga dubban mutane sunka auka Matan Fada da koma da gora, minti kaɗan ruwan ya koma kunun laka. Kuma hakan shi ag gata ga masunci, kihi ba ya ganin gabanshi, ya ruɗe, kai kuma da hannu da ƙafa kake lalube. To wanda ya ƙirƙiro karin maganar nan ko Bature ne ko Balarabe ya san ruwa, ba a ɗaki ya zauna ya tsara ta ba

Sarkin Tsokana:
Bakabe an samu damar tallan gari

Bakabe:
kai ko tsaya nan Kano kana kamun kwaɗi a Jakara

Ɗan Fagge:
Hhhh a bar mu da Jakararmu. Baba wata tambayar, jaridunmu na Turanci kullum sai ka ga wane has joined the murky waters of Nigerian politics, wannan fa ya zan yi da ita? ruwan siyasa mai dagulewa?

Baba Ticha:
Kar ka soma. Wannan jimlar an tauna ta har ta fita ɗanɗano, duk wanda ya yanki fom ko na kansila ne sai an jefa shi a murky waters, mai rubutun ma ba ya jin ruwan a ransa, hannunsa ne ya saba. Ka ce "ya tsunduma siyasa" ka wuce, ai tsunduma ta riga ta kawo maka ruwan. In kana son ka nuna haɗarin ka ce siyasar Najeriya mai wuyar sha'ani. Haka muddy the waters, kar ka ce ya sa laka a ruwa, ka ce ya dagula al'amari ko ya dagula lissafi, ko ya kawo ruɗani

Anti Lauya:
Na taɓa jin an karanta "ruwan siyasa mai duhu" a wani gidan rediyo, tsohuwata ta juyo ta ce min wai ambaliya aka yi?

Maman Ilham:
😂😂 Allah ya ja kwanan Mama. To Baba hazo fa? lokacin hunturu in gari ya rufe ba ka ganin gidan maƙwabci, murky ne?

Baba Ticha:
Za ki iya cewa a murky morning ba wanda zai ce kin yi kuskure, amma masu hasashen yanayi dust haze suke cewa, hazy ita ce ta yau da kullum. Bambancin, hazy akwai haske a ciki sai dai dishi-dishi, murky ta fi kusa da duhu da nauyi. Hazonmu fari ne, ƙura ce daga Bodele ta ƙasar Chadi iska take kwasowa, rana tana nan sai dai ta dushe. Irin hayaƙin kwal ɗin da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952 har mutane dubbai suka mutu, wanda da rana tsaka direba ba ya ganin gaban motarsa, wannan shi ne murk na ainihi

Maman Ilham:
Ni dai har yanzu ruwan kwatar layinmu murky ne kuma ƙazami ne, ba mai raba min su

Baba Ticha:
Ba wanda ya hana shi zama duka biyun Hajiya

Maman Ilham:
Injiniya wai da gaske ne 'ya'yan zogale suna kwantar da ruwa? kakata a ƙauye tana yi muna yara muna dariya

Injiniyan Ruwa:
Da gaske ne sosai, aikin alam suke yi. Ki samu busassun 'ya'yan ki ɓare ki daka farin cikin ya yi laushi, ki dama da ɗan ruwa mai kyau ki zuba a bokitin, ki juya da sauri na ɗan lokaci sannan a hankali, ki bar shi kamar awa ɗaya zuwa biyu kar a taɓa. In ruwan ya dagule sosai wajen ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya. Sai ki tsiyaye na saman ta cikin tsumma mai tsabta. Amma kar a ajiye shi ya kwana biyu don yana canja wari, kuma a tafasa ko a sa kulorin kafin a ba yara

Ɗan Maraɗi:
mu nan ganyen muke cinyewa da ƙuli, ba mu barin shi ya kai ga yin ɗiya

Sarkin Tsokana:
Injiniya in an zuba zogalen a oil deal ɗin Ɗan Fagge zai kwanta?

Anti Lauya:
wannan sai dai kotu, ita ma sai an ɗaga zama